Yadda wayoyin mutanen Abijan suka zana taswirar zirga-zirgar birninsu

Ruwa ne ya tsara birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa tun kafin wani injiniya ya sa hannu. Tafkin Ebriye ya ratsa shi ya raba shi gida biyu. A arewa akwai Plateau, inda ma'aikatu da bankuna suke, da Adjamé mai babbar kasuwa da tashoshin mota, da Cocody ta masu hali, sai kuma Abobo da Yopougon, waɗanda ƙidayar 2014 ta samu kowacce da mutum fiye da miliyan ɗaya. A kudu akwai Treichville da tashar jiragen ruwa, da masana'antun Vridi, da filin jirgin sama na Port-Bouët. Inda jama'a ke kwana daban, inda abincinsu yake daban. A shekarar 2012 gada biyu ce rak ta haɗa ɓangarorin nan, ta Houphouët-Boigny da ta Janar de Gaulle, kuma dukkansu daga Plateau suke tashi su sauka a Treichville. Sannan ga dajin Banco ya yi kane-kane tsakanin Abobo da Yopougon, ya tilasta wa motoci zagaye. A wancan lokaci kusan duk wanda ya fito daga Abobo ko Yopougon da safe sai ya bi ta Adjamé ko kusa da ita, ko yana so ko ba ya so.

Kamfanin bas na gwamnati, SOTRA, yana aiki tun 1960, har da jiragen ruwa na fasinja yake da su a kan tafkin. Amma a lokacin da muke magana manyan bas ɗinsa 539 ne, a birnin da ya haura mutum miliyan 4. Ragowar jama'a ƙananan bas da ake kira gbaka ne ke kwashe su, kimanin 5,000, da tasi na haɗaka da ake kira woro-woro, kimanin 11,000. Sunan woro-woro ma abin sha'awa ne ga Bahaushen Nijar: a harshen Jula, woro na nufin shida, kuma su ma da biyar-biyar suke ƙirga sefa kamar yadda ake ƙirgawa da dala a Maradi ko Damagaram. Kuɗin mota na dā ke nan, dala shida, wato sefa 30. Kuɗin ya daɗe da canzawa, sunan ya zauna.

Tambayar da ke gaban duk mai tsara sufuri a irin wannan birni ɗaya ce, kuma mai sauƙin faɗa: daga ina mutane ke tasowa, ina suke zuwa, da ƙarfe nawa? Amsa ta ce ke da tsada. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki ma'aikata su bi gida-gida da takarda suna tambayar mutane tafiye-tafiyen da suka yi jiya, a kuma tsayar da wasu a bakin titi suna ƙirga motoci. Aikin yakan ci watanni da kuɗi masu kauri, shi ya sa ba kowace shekara ake yin sa ba. Abijan kuwa ba ta daɗe da fita daga rikicin bayan zaɓen 2010 ba, wanda ya ƙare da kama tsohon shugaban ƙasa Laurent Gbagbo ranar 11 ga Afrilun 2011. Abobo na cikin unguwannin da suka fi shan wuya, dubban mutane sun tsere, wasu sun dawo, wasu sun sake mazauni. Duk wani tsohon lissafi na zirga-zirgar birnin ya zama abin ɗauka da taka-tsantsan.

A cikin wannan yanayi ne kamfanin waya na Orange ya fito da wata gasa a 2012, wadda aka fi sani da D4D, ma'ana amfani da bayanai don raya ƙasa. Kamfanin ya ɗebo bayanan kira da saƙonnin tes biliyan 2.5 na masu amfani da layinsa miliyan 5 a Kodebuwa, daga Disambar 2011 zuwa Afrilun 2012, ya cire sunaye da lambobin waya, ya miƙa wa masu bincike na jami'o'i da kamfanoni da suka nema. Wani farfesa na Jami'ar Louvain ta Beljiyam, Vincent Blondel, na cikin waɗanda suka jagoranci shirya bayanan.

Ba sautin magana aka bayar ba, ba kuma abin da aka rubuta a tes ba. Duk lokacin da aka kira ko aka tura saƙo, na'urar kamfani takan rubuta ɗan layi guda don lissafin kuɗi: wa ya kira, yaushe, ta wane ƙarfen sabis kiran ya bi. Wannan rubutun dama yana nan jibge, ba don bincike aka tara shi ba. Abin da ya sa ya zama taswira shi ne an san inda kowane ƙarfen sabis yake tsaye. In wayarka ta yi magana da ƙarfen da ke Adjamé da ƙarfe shida, ta yi magana da na Treichville da ƙarfe bakwai, to ba sai an tambaye ka ba, ka haye tafki.

Kashi huɗu aka raba bayanan, amma wanda ya fi amfani ga masu nazarin gari shi ne na sawun mutum ɗaya-ɗaya. Akan zaɓi mutum 50,000 ba tare da wani tsari ba, a bi su mako biyu, sannan a sake su a zaɓi wasu 50,000. A wata biyar ɗin sai aka tashi da sawu kusan 500,000.

Bari mu matso kusa mu ga yadda rana guda take zama layi a kan allo. A ɗauki misalin wani Bahaushe mai sayar da garba a Abobo. Garba dai abincin titi ne da Abijan ke ji da shi, acake, wato turararren garin rogo, da soyayyen kifin tuna da barkono, kuma daga sunan Garba ya samo sunansa, saboda 'yan Nijar ne suka yi fice da sayar da shi. Mutuminmu ya idar da sallar asuba, ya shiga gbaka zuwa Adjamé, wayarsa na aljihu bai taɓa ta ba. Da ƙarfe 6:10 yana Adjamé ya kira mai kifi a tashar masunta ya ce a ajiye masa nasa. Da 7:05 ya isa Treichville, saƙon tes ya shigo masa. Da 9:30 uwargida ta kira: “Maigida, ka iso kuwa? Mai ya yi zafi.” Yana bakin rumfarsa a Abobo.

Abin da kwamfuta ta samu daga wannan safiyar layi uku ne: wata lamba marar suna, lokuta uku, ƙarafan sabis uku. Daga nan za ta fitar da tafiya biyu, Adjamé zuwa Treichville, da Treichville zuwa Abobo. Tafiyar farko, wadda ita ce ta fi ba shi wahala, ta asuba daga Abobo zuwa Adjamé, ba ta bar sawu ba, sai dai a hasashe ta daga inda ya yi kiran ƙarshe daren jiya. Kwamfutar ba ta san wace gada ya bi ba. Ba ta san ko bas ya hau ko jirgin ruwa ba, ba ta san minti nawa ya yi a tsaye yana jiran mota ta cika ba, balle ta san cewa a dawowa da bahon kifi yake, wanda ba kowace mota ce za ta ɗauke shi da shi ba. In kuma yana da sim na biyu na MTN ko Moov da yake kiran gida da shi, rabin ranarsa ta ɓace ke nan.

Mutum ɗaya, kamar yadda aka gani, sawunsa duk gibi ne. Dabarar ita ce yawa. In aka tara dubu ɗaruruwa, inda wannan ya yi shiru wancan ya yi magana, sai manyan hanyoyi su fara fitowa kamar yadda turbar shanu ke fitowa a daji, ba don wata saniya guda ta zana ta ba.

Waɗanda suka ɗauki wannan aiki a kan Abijan wata tawaga ce ta cibiyar binciken IBM da ke Dublin ta ƙasar Ayalan. A cikinsu akwai Francesco Calabrese, wanda ba baƙo ba ne a harkar: ya yi aiki a ɗakin bincike na Carlo Ratti a jami'ar MIT ta Amurka, inda a 2006 suka nuna birnin Rum yana motsi a kan allo ta hanyar bayanan wayoyin Telecom Italia, a bajekolin zane-zanen gine-gine na Venice. Wancan na Rum ya fi kama da abin kallo, mutane su tsaya su ga yadda jama'a ke taruwa su watse. Na Abijan, wanda suka sa wa suna AllAboard, so aka yi ya haifar da shawara.

Matakan aikin ba su da wuyar fahimta ko da lissafinsu na da nauyi. Da farko sun tace sawun, suka ware inda mutum ya tsaya da inda yake kan tafiya. Daga nan suka haɗa wani babban jadawali na mafari da masauki: daga yankin kowane ƙarfen sabis zuwa yankin kowane, mutum nawa, a wace sa'a. Suka kuma nemo jerin wuraren da mutane da yawa ke bi a jere, suna maimaitawa kullum. Sai suka shimfiɗa wannan duka a kan taswirar hanyoyin bas na SOTRA, suka bar kwamfuta ta lissafa yadda kowane rukuni zai kai inda za shi in da bas zai bi, da tsawon jira, da sau nawa zai sauya mota. Inda aka ga kwararar jama'a mai kauri amma babu bas da ke bin wurin kai tsaye, nan ne gibi.

Zanen kansa shi ne abin da ya ja hankalin mutane. Allo ne mai taswirar Abijan, da zare-zare masu launi da ke haɗa wuri da wuri, kaurinsu ko launinsu na nuna yawan masu bi. Jami'i zai iya zaɓar lokaci ya ga yadda birnin ke kwarara a sa'ar, ya kunna hanyoyin bas a kai ya ga inda suka dace da inda suka saɓa, ya ɗora sabuwar hanyar da aka ba da shawara ya ga me za ta canza. Jadawalin mai dubban lambobi ba mai iya karanta shi sai gwani. Zane kuwa ko minista mai minti goma zai gane shi, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa yake, nan ne kuma haɗarinsa.

Sakamakon da aka bayyana a taron masu nazarin bayanan wayoyin hannu, NetMob, da aka yi a MIT a watan Mayun 2013 shi ne: kwamfutar ta fito da gyare-gyare 65 da za a iya yi, amma 'yan sababbin hanyoyi da ba su wuce huɗu ba sun isa su rage lokacin tafiya a birnin da kashi 10 cikin 100. Aikin ya samu lambar yabo a gasar, jaridun fasaha na duniya suka yi ta yayata shi, wasu da kanun labarai masu nuna kamar an riga an sake zana hanyoyin bas na Abijan. Ba haka abin yake ba. Kashi 10 ɗin nan a cikin kwamfuta aka same shi. Hasashe ne na lissafi, ba agogo aka riƙe wa fasinja a tashar Adjamé ba.

Ban faɗi haka don in rage wa aikin daraja ba. Mutanen da ke zaune a Dublin sun iya fitar da siffar zirga-zirgar wani birnin Afirka ta Yamma daga bayanan da kamfani ya tara don cajin kuɗi, ba tare da an tsayar da mota ko ɗaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma in an zo batun wa taswirar ta gani, wa ta tsallake, akwai maganar da ya kamata a tsaya a kai.

Taswirar masu kira ce, ba ta mutanen Abijan ba. Wanda ke kira sau talatin a rana sawunsa kan fito sarai, titi bayan titi. Wanda katinsa na sefa ɗari biyu ne, yana lallaɓa shi, sai ya yi filashin ya jira a kira shi, ɗigo biyu ko uku zai bari a yini. Ɗan makarantar da ba shi da waya bai bar komai ba, haka tsohuwar da ke aron wayar ɗanta. A gidan da waya ɗaya ce, tana hannun maigida, zirga-zirgar matar gida zuwa kasuwa da asibiti ba ta shiga lissafi ba sam. Ga shi kuwa waɗannan su ne suka fi kowa buƙatar bas mai araha. Mai yawan kira sau da yawa shi ne mai halin hawa tasi. In ba a yi hattara ba sai a tsara wa talaka hanyar bas da sawun wanda ba ya hawa bas.

Haka kuma gajerun tafiye-tafiye. Wanda ya taka da ƙafa daga gida zuwa kasuwar unguwa, duk a ƙarƙashin ƙarfen sabis guda, a wurin kwamfuta bai motsa ba. Akasin haka ma na faruwa: mutum na zaune a shagonsa, ƙarfen da ke kusa ya cika, sai kiransa ya koma ta wani ƙarfen da ke can gaba, a rubuce kuma ya zama kamar ya yi tafiya. A gefen tafki abin ya fi rikitarwa, don sabis ba ya buƙatar gada. Wayar da ke gaɓar Plateau na iya kama ƙarfen da ke tsallaken ruwa. Masu bincike na da dabarun tace irin wannan, amma tacewa ba ta kai gogewa ba. Sannan wata biyar ɗin ba duka ranakun aiki ba ne. Zaɓen 'yan majalisa na Disambar 2011 na ciki, da Kirsimeti da sabuwar shekara, da daren 12 ga Fabrairun 2012 da Zambiya ta doke Kodebuwa da bugun fanareti a wasan ƙarshe na kofin Afirka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gbaka. Lissafin ya gyara hanyoyin SOTRA ne, domin su ne ke da lamba da taswira a rubuce. Amma a duba alƙaluman da suka gabata: bas 539 a gefe guda, ƙananan motoci kusan 16,000 a ɗaya gefen. Gibin da kwamfuta ta hango, inda jama'a ke kwarara babu bas, da wuya ya zama fili ne fayau. Galibi akwai yaron mota a wurin, rataye a ƙofar gbaka, yana dukan jikin mota yana kiran Adjamé. Shi ma ya daɗe da yin nasa lissafin mafari da masauki, da ido da aljihu: ya san sa'ar da fasinja ke yawa, ya san mahaɗar da in ya tsaya minti biyu motar za ta cika. Da ɗan gari akan ci gari. Bambancin shi ne sanin yaron mota ba ya shiga ofis, kuma iyakarsa layinsa. Taswirar waya ta haɗa birnin gaba ɗaya a allo guda, ta sa masa lamba, ta zama abin da za a ajiye a teburin mai ba da bashi. Amma duk sabuwar hanyar bas da za a buɗe a kan irin wannan gibi, abincin wasu direbobi da ƙungiyoyin tasha za ta taɓa, kuma wannan ba ya cikin zaren da ke kan allo.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da hukumomi ba su bar tsohuwar hanya ba. Lokacin da aka zo shirya babban tsarin raya Abijan da kewayenta da taimakon hukumar JICA ta Japan, tsakanin 2013 da 2015, sai da aka bi gida-gida aka yi tambaya. Takardar tambaya ce kaɗai ke iya jin cewa mutum ƙafa ya taka don ba shi da kuɗin mota, ko mace ta ƙi hanyar da ta fi kusa don ba ta da fitila da dare.

Saura maganar masu wayoyin. Mutum miliyan 5 ɗin nan sim suka saya don su yi kira, ba don a nazarci sawunsu a Turai da Amurka ba. Orange ta yi ƙoƙarin kare su: ta cire lambobi, ta taƙaita bin mutum zuwa mako biyu, ta sa masu bincike sun rattaba hannu kan sharuɗɗa. To amma a watan Maris na 2013, kafin ma a yi taron MIT, wata mujallar kimiyya ta buga binciken Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa, kuma Blondel ɗin nan da ya shirya bayanan Kodebuwa na cikinsu. Sun duba sawun mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, suka gano cewa sanin wuri huɗu da lokacinsu ya isa a ware mutum 95 cikin 100 daga cikin taro. A koma kan mai garbanmu. Mutum nawa ne a Abijan ke Adjamé da ƙarfe shida, tashar masunta da bakwai, wata kusurwar Abobo da tara da rabi, kullum? Wanda ya san shi ba ya buƙatar a rubuta masa sunansa. A ƙasar da watanni kaɗan kafin nan unguwar da mutum ke kwana da sunan da yake amsawa ke iya jawo masa halaka, wannan ba damuwar 'yan boko ba ce kawai. Dokar kare bayanan mutane ta Kodebuwa ma sai a watan Yunin 2013 aka yi ta, bayan bayanan sun riga sun zaga duniya.

Orange ta sake yin gasar a 2014, wannan karon da bayanan kamfanin Sonatel na Senegal, na mutum kusan miliyan 9 a tsawon shekarar 2013, kuma aka ƙara tsaurara tantance ayyukan ta fuskar kare masu wayoyin. Masu bincike suka karkata zuwa Dakar.

Abijan kuwa ta ci gaba da canza fasali. A Disambar 2014 aka buɗe gada ta uku, ta Henri Konan Bédié, wadda ta haɗa Cocody da Marcory ba tare da an bi ta Plateau ba, amma sai an biya kuɗi. A 2023 aka buɗe ta Alassane Ouattara tsakanin Cocody da Plateau, a 2024 kuma motoci suka fara bin wadda ta ba mutanen Yopougon sabuwar mafita. Ana kan gina layin jirgin ƙasa na cikin gari daga Anyama zuwa Port-Bouët, kilomita kusan 37, wanda zai ratsa Abobo da Adjamé da Treichville, hanyar da mai garba ke bi da asuba. Wayoyin ma ba irin na 2012 ba ne. Yawancin hira ta koma WhatsApp, kiran da ke barin ɗan layin nan a na'urar lissafin kuɗi ya ragu, wayar zamani kuma tana magana da ƙarfen sabis ko mai ita yana barci a kujerar baya ta gbaka.